Yadda Za Ki Ba Da Rarar Nononki Ga Jariran Da Ke Kwance A Asibiti

Ɗana na biyu yana wata biyu a duniya firizata ta cika maƙil da ledojin nono. Ba don wata manufa nake tatsa ba, nonon ne yake cika ya yi tauri har hannu ba ya ɗaguwa, yaron kuma da ya sha ɓari ɗaya ya ƙoshi sai barci. Zubarwa kuwa raina bai taɓa ba ni ba. Ranar da muka je awo na yi wa wata nas ƙorafi, sai ta dube ni ta ce, "Mai jego, zo ki ga wani abu." Ta kai ni bakin tagar ɗakin bakwaini. A cikin kwalba akwai wata jaririya da tsawonta bai kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsuna ba, an zura mata siririn tiyo ta hanci. Wata nas ɗin ta zuƙi nono a sirinji, abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ta ɗura a hankali. Wannan shi ne abincinta na wannan lokacin. Uwar tana zaune a gefe, kwana uku da yi mata aiki, tana ta matsa ƙirjinta, ɗigo ɗaya ya ƙi zuwa. Na ce, "Sista, me zan yi?" Abin da ta faɗa mini da wanda na koya a watannin da suka biyo baya shi ne nake son in shimfiɗa miki a nan.

Ki fara da sanin wanda zai sha, domin duk wata doka da za a gindaya miki daga nan take fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin cikinsu ya kai mako 37 a shekarar 2020, kusan ɗaya ke nan cikin kowane goma. Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne masu nauyin da bai kai giram 1,500 ba. Hanjinsu bai gama ƙwari ba, kuma akwai wani mugun ciwo da ke kama shi, likitoci na kiran sa NEC: hanjin ya kumbura, wani sashe ya ruɓe, ciki ya yi tsele. Wasu sai an yi musu tiyata an yanke wurin, wasu kuma ba sa tashi. Da aka tattara sakamakon gwaje-gwaje da dama, an ga bakwainin da aka ba nonon wata mace haɗarin wannan ciwo yana raguwa masa da kusan rabi, in aka gwada da wanda aka ba madarar gwangwani. Shi ya sa hukumar ta ce in nonon uwa bai samu ba, nonon gudummawa da aka tace shi ne na biyu ga jariri mai ƙarancin nauyi. Ba ya kamo nonon uwar yaron, kuma sau da yawa sai an ƙara masa sinadarai don yaron ya yi ƙiba yadda ake so. Riƙon ƙwarya yake yi na kwanaki ko makonni, kafin na uwar ya kawo. Amma a waɗannan kwanakin ne ake rasa yara. Jariri mai kilo ɗaya kan fara da mililita 10 zuwa 20 a yini guda cur, saboda haka kada ki raina kwalba ɗaya da kika tatsa.

Na farko: ɗanki ya ƙoshi tukuna

Rara ake bayarwa, ba rabon ɗanki ba. Ki jira shayarwa ta zauna daram, wanda yakan ɗauki kamar mako shida bayan haihuwa. Alamar ita ce yaro yana ƙara nauyi a awo, yana jiƙa ƙyalle aƙalla sau shida a yini, yana sakin nono da kansa ya yi lamo. Dakashin kwanakin farko nasa ne, kada ki raba shi da kowa sai in likita ne ya ce. In yaronki yana fama da rashin ƙiba, ki ajiye wannan niyya zuwa gaba, ba ki yi laifin komai ba.

Kuma ba sai mai zubar nono kamar ni ba. Nono yana bin buƙata ne, gwargwadon yadda ake cire shi gwargwadon yadda jiki ke ƙera wani. Mace mai nono daidai wa daida za ta iya ƙara tatsa sau ɗaya a yini, a lokaci guda kullum, cikin 'yan kwanaki jiki ya saba ya riƙa tanadar wannan kason.

Na biyu: nemo inda ake karɓa, tun kafin ki fara tarawa

Wurin da ake tara nono a tace shi a raba wa asibitoci shi ake kira bankin nono. Ba sabon abu ba ne: an buɗe na farko a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1909. Da cuta mai karya garkuwar jiki ta ɓulla a shekarun 1980, aka rufe da yawa saboda tsoro, sai da gwajin jini da dafa nono suka tabbata sannan suka farfaɗo. Yau Brazil ce kan gaba, tana da bankuna sama da 200, har 'yan kwana-kwana kan bi gida-gida a wasu biranen suna karɓo kwalabe. Indiya ta buɗe nata na farko a Mumbai a 1989, Afirka ta Kudu ma tana da su, Kenya ta buɗe a asibitin haihuwa na Pumwani da ke Nairobi a 2019, Uganda kuma a Kampala a 2021.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambayi unguwarzoma ko likitan yara, ko ki je kai tsaye sashen jarirai na babban asibitin da ya fi kusa da ke. Ki tafi da tambayoyinki a rubuce. Wata nawa ne iyakar shekarun ɗana da za ku karɓi nonona, tunda wasu ba sa ɗaukar wadda ɗanta ya wuce wata shida ko shekara? Kuna karɓar wanda na riga na daskarar, kuma na wata nawa? Akwai mafi ƙarancin abin da kuke karɓa? Wasu bankunan sai ya kai lita biyu ko uku, wasu ko nawa ne. Ku ne za ku ba ni kwalabe? Wa zai zo ɗauka? Sannan ki tambayi inda nonon yake zuwa, domin akwai bankunan da ba don riba suke yi ba, akwai kuma kamfanonin da ke sarrafa shi su sayar. Haƙƙinki ne ki sani kafin ki sa hannu.

In babu banki a inda kike, har yanzu ƙofa ba ta rufe ba. Wasu asibitocin kan haɗa uwa mai rara da uwar bakwaini a ƙarƙashin kulawar likita, a yi gwajin jini, a dafa nonon. Abin da nake roƙon ki da shi shi ne kada ki miƙa nono hannu da hannu ga jariri marar lafiya ba tare da sanin likitansa ba, kuma ki nisanci cinikinsa ta intanet. A wani bincike da aka wallafa a 2013, masu bincike a Amurka sun sayi samfurin nono kusan ɗari ta intanet suka auna, kashi 74 cikin ɗari ya gurɓata da ƙwayoyin cuta. Bayan shekara biyu suka sake dubawa, suka tarar kusan ɗaya cikin goma an gauraya shi da madarar shanu. Abin da lafiyayyen yaro zai sha ya kwana lafiya, shi zai iya kai bakwaini kabari.

Na uku: batun zumuncin shayarwa

In ke Musulma ce, wannan tambayar ta riga ta zo miki tun daga taken rubutun nan, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa uwayen da suka shayar da mutum da 'yan'uwansa mata na shayarwa cikin waɗanda aure ya haramta da su. Yaron da ya sha nononki a shekarun shayarwa ya zama ɗanki, 'ya'yanki sun zama 'yan'uwansa, mijinki da ta dalilinsa nonon ya zo ya zama ubansa. Saboda haka maganar ba taki ce ke kaɗai ba, ki zauna da maigida ku tattauna tun farko.

Malamai sun saɓa a wurare biyu. Na ɗaya adadi: Malikiyya da Hanafiyya suna ganin ko kaɗan ne ya isa cikin yaro ya wadatar, Shafi'iyya da Hambaliyya suka ce sai sha biyar mabambanta. Na biyu hanyar sha: mafi yawa sun ce ko ta kofi ko ta hanci aka ɗura hukuncin ɗaya ne, Ibn Hazm kuwa ya ce sai yaro ya kama nono da bakinsa. A kan haka ne fatawoyin zamani suka rabu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi da ta zauna a Jidda a 1985 ta hana kafa bankunan nono saboda gudun cakuɗewar nasaba. Shaikh Yusuf al-Ƙaradawi ya halatta, haka ma Majalisar Fatawa ta Turai a 2004, da kwamitin fatawa na Singafo a 2017. Iran ta buɗe bankinta na farko a Tabriz a 2016.

Akwai wata hanya ta tsakiya da aka gwada a wasu asibitoci a Kuwait da Malesiya, kuma ita ce ta fi kwanta mini: ba a gauraya nonon mata daban-daban, mai bayarwa da iyayen jaririn su san juna, a rubuta komai kowa ya riƙe takardarsa. Ki tambayi bankin ko suna gauraya nono. A Amurka galibi ana haɗa na mata da yawa a tukunya ɗaya, a Ingila ƙa'idar da aka fitar a 2010 ta ce kada a haɗa na mata daban-daban, kuma a adana bayanan kowace kwalba aƙalla shekara 30. Da wannan bayanin a hannunki sai ki je wurin malamin da kika yarda da iliminsa, ki faɗa masa yadda tsarin yake dalla-dalla, har da cewa rayuwar bakwaini ce a ciki. In ta hanyar sanayya kika bayar, ki rubuta sunan yaron da na iyayensa da ranakun da ya sha, ki sanar da 'ya'yanki idan sun girma. Shekara ashirin ba ta da nisa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe abin da takarda ke riƙewa.

Na huɗu: tambayoyi da gwajin jini

Za a yi miki tambayoyi, ta waya ko ido da ido, sannan ki cike takarda. Wasu tambayoyin suna da nauyi a baki, har da na rayuwar aurenki da lafiyar mijinki. Kada ki ji an raina ki, irin waɗanda ake yi wa mai ba da jini ne. A nan ne amanar take. Gwaji yana kama wasu cututtuka, amma ba ya nuna maganin da kika haɗiya jiya da daddare, ke kaɗai kika san wannan.

Ba a karɓar nonon mai shan taba sigari ko wani abu mai nikotin, ko mai ta'ammali da ƙwaya, ko mai yawan shan barasa. In an ƙara miki jini kwanan nan, ko an yi miki zane da allura a fata, ko huda, za a ce ki jira wasu watanni, wasu wuraren ma ƙarin jini kan hana gaba ɗaya. Ki ambaci kowane magani, komai ƙanƙantarsa. Da yawa ba sa hanawa: insulin na masu ciwon suga, maganin ƙarancin sinadarin maƙoshi, abin shaƙa na asma, ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadari ɗaya, farasitamol jefi-jefi. Amma su ne za su yanke, ba ke ba. Abin da mata suka fi mantawa shi ne magungunan itatuwa da ake sha don ƙara ruwan nono, irin su hulba. Muna ɗaukar su kamar ba magani ba, alhali bankuna da yawa ba sa karɓar nonon da aka tatsa ana shan su, don ba a san yadda hantar bakwaini za ta ɗauke su ba. Kuma kada ki daina maganin da likita ya ɗora ki a kai don kawai ki samu shiga, lafiyarki tana gaba.

Daga nan sai a ɗebi jini a duba cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta nau'in B da C, tunjere, a wurare da dama har da wata ƙwayar cuta da ake kira HTLV. Ko an yi miki waɗannan lokacin awon ciki, za a sake. In wani abu ya fito, za a kira ki a keɓe a gaya miki, a haɗa ki da likita. In kuma an ce ba za a karɓa ba, wannan ba ya nufin nononki yana da aibu ga ɗanki. Ma'aunin yaron da ke cikin kwalba daban ne, ki ci gaba da shayar da naki sai in likita ya ce akasin haka.

Na biyar: tatsar kanta

Ki zaɓi lokaci ɗaya. Ga mafi yawan mata safiya ta fi, nono ya kwana ya taru. Ni nakan ba yaro ɓari ɗaya, in tatse ɗayan yana cikin sha, domin tsotsonsa ne ke sa nonon ya sauko ta ko'ina. In ba haka ba, ki tatsa bayan ya ƙoshi da kamar rabin awa zuwa awa ɗaya.

Ki wanke hannu da sabulu sosai, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, na daƙiƙa 20 aƙalla, ki goge da tsumma mai tsabta ko takardar goge hannu. Wankan yau da kullum ya wadatar wa nonon kansa, ba sai kin riƙa dirza shi da sabulu ba, hakan busar da fata yake yi ta tsage. Kada ki shafa mai ko turare a wurin kafin tatsa. A Brazil har ɗaure kai da rufe hanci da baki ake umartar mata su yi, su kuma zubar da ɗigon farko. Ko bankinki bai ce ba, ɗaure kai da barin surutu a kan buɗaɗɗiyar kwalba ba su da wahala.

In da hannu za ki tatsa, ki ɗan dumama ƙirjin da tsumma mai ɗumi, ki murza a hankali daga sama zuwa kan nono. Ki sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, kamar santimita biyu zuwa uku bayan kan nonon. Ki danna baya wajen ƙirji, ki matse yatsun biyu, ki saki, ki maimaita da kari ɗaya kamar yadda jariri ke tsotso. Kada ki ja kan nono, kada yatsu su riƙa zamewa a kan fata. Da farko ɗigo ne, can sai ya fara tsartuwa. In ya ragu ki juya yatsun zuwa wani gefe, in ya tsaya ki koma ɗaya ɓarin. Tatsa ba ta da zafi, in kin ji zafi to akwai abin da ba daidai ba, ki nemi unguwarzoma ta duba hannunki.

In na'ura kike amfani da ita, tsabtarta ta fi komai ba da wahala, kuma nan ne ƙwayoyin cuta suka fi shiga. Bayan kowace tatsa ki warware ta gaba ɗaya, har 'yan ƙananan robobin ciki, ki wanke da ruwan zafi da sabulu a wata roba da kika ware don wannan aikin kaɗai, ki ɗauraye, ki bar su su bushe da iska. Kada ki goge da tsumman kicin. Ki tafasa sassan da ke taɓa nono na minti 10 ko ki yi amfani da na'urar tururi, yadda bankin ya tsara miki. Na'urar da wata ta yi amfani da ita kada ki ara sai kin tambaya, wasu nono kan shige cikin tiyonsu ya yi fumfuna ba a gani.

Nonon da ke ɗiga da kansa daga ɗaya ɓarin ya taru a abin tara na cikin rigar nono, ba a so. Maiƙonsa kaɗan ne, ga shi ya daɗe yana manne da fata.

Na shida: ajiya da rubutu

Ki zuba a kwalbar da aka ba ki, kada yatsa ya taɓa cikinta ko cikin murfin. Ki bar sarari kamar santimita biyu da rabi a sama, nono yana kumbura in ya daskare, ya fasa leda ko ya ɗaga murfi. Mafi kyau ki sa a firiza nan take. In kaɗan-kaɗan kike samu, za ki iya tara na yini ɗaya a firiji, a can ciki ba a jikin ƙofa ba, ki bar sabon ya yi sanyi kafin ki haɗa da na farko, sannan ki daskarar kafin awa 24 ta cika. Kada ki taɓa zuba mai ɗumi a kan daskararre. An ce nono kan yi kwana huɗu a firiji, gaskiya ne, amma wannan na lafiyayyen ɗanki ne, na gudummawa ƙa'idarsa ta fi tsauri.

Firiza ta kasance a digiri 18 ƙasa da sifiri ko fiye da haka a sanyi. Ki sa kwalaben cikin wata roba mai murfi ko babbar leda, nesa da ɗanyen nama da kifi. In wuta ta ɗauke, kada ki riƙa buɗe ƙofa. Wanda ya narke ya narke ke nan, ba a mayar da shi a daskarar a ba banki, ki gaya musu gaskiya. Tsawon ajiya ya bambanta: Brazil kwana 15 take ba wa nono a firizar gida, Ingila wata uku, wasu bankunan Amurka sun fi haka.

Kowace kwalba ki rubuta sunanki ko lambarki da cikakkiyar ranar tatsa, tun kafin ki zuba, don alƙalami ba ya kama jiƙaƙƙiyar leda. Wannan na koye shi da ciwon rai. Kafin in shiga tsarin, sunan wata kawai nake rubutawa a ledojina, ban sa rana. A cikin ɗaya daga watannin nan na yi ciwon haƙori na sha maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana biyar. Da aka tambaye ni na faɗa, aka ce to waɗanne ledoji ne na waɗannan kwanakin? Na tsaya gaban firiza ina juya su ɗaya bayan ɗaya, babu yadda zan bambance. Na watan gaba ɗaya aka ajiye gefe, kusan lita huɗu. Ɗana ya sha abinsa daga baya, amma na daɗe ina tuna yarinyar nan ta cikin kwalba da yawan kwanakin da wannan nonon zai riƙe irinta. Tun daga ranar na ajiye ɗan littafi a kan firiza: rana, yawan abin da na tatsa, duk maganin da na sha, duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan.

In kin ga nonon ya rabu biyu, maiƙo a sama ruwa a ƙasa, ko launinsa ya sauya daga fari zuwa ɗorawa-ɗorawa ko shuɗi-shuɗi, lafiya lau ne. Wani ma yakan yi ƙanshin sabulu bayan ya daskare, wani sinadari ne na cikinsa ke narkar da maiƙo, ba lalacewa ba ce. Wanda jini ya shiga saboda tsagewar kan nono shi ne za ki ware.

Na bakwai: miƙawa

In su za su zo ɗauka, kada ki fito da kwalaben sai sun iso ƙofa. In ke za ki kai, ki jera su a kula a matse, ki cike sauran gurbin da tawul mai tsabta ko fakitin sanyi da aka daskarar, ki rufe, ki wuce kai tsaye ba tsaye-tsaye a hanya. Ki guji ƙanƙarar ruwa ta yau da kullum, da ta fara narkewa sai ta ja nonon ya narke tare da ita.

A can za su narkar da shi a hankali cikin firiji, su ɗebi kaɗan don awo, su zuba a ƙananan kwalabe su rufe, su dumama a digiri 62.5 na minti 30, sannan su sanyaya da sauri su sake daskararwa. Wannan zafin yana kashe ƙwayoyin cuta, har da mai karya garkuwar jiki. Yana rage wasu sinadaran kariya, amma da yawa suna tsira, musamman wasu nau'o'in sukari na nonon ɗan'adam da ke ciyar da ƙwayoyin halitta masu amfani a hanji. Bayan dafawa a kan sake awo, in wani abu ya tsiro a zubar da rukunin duka. Kada dafawar nan ta sa ki sassauta tsabta a gida: nonon da ya iso da datti da yawa tun kafin a dafa ake watsar da shi. In an kira ki aka ce an ga ƙwayoyin cuta a naki, ba zargi ba ne, yana faruwa da masu tsabta ma. Galibi a wani lungu na na'urar tatsa matsalar take, za su bi matakan da ke ɗaya bayan ɗaya har a gano.

Ranakun dakatawa, da ranar dainawa

Ki kira su duk ranar da kika yi zazzaɓi, ko nono ya kumbura ya yi ja yana zafi, ko ƙuraje masu ruwa suka fito miki a ƙirji, ko wani a gidan ya kamu da ƙarambau ko ƙyanda, ko aka yi miki rigakafi, ko kika fara sabon magani. Ki ci gaba da tatsa don kada nono ya sanƙare, ki sa wa kwalaben alama ki ware su, su za su gaya miki ranar da za ki dawo. Ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa duk lokacin da kika ji ƙishi. In kin ga kina ramewa, ko barci ya ƙaurace miki saboda lissafin kwalabe, ko nonon ya yi yawan da yaro ke ƙwarewa in ya kama, ki rage. Ba a ɗaure ki da alƙawarin adadi ba, kuma ranar da kika ce kin gaji ba mai tambayar ki dalili.

Akwai uwayen da nono ke zuwar musu bayan an binne jaririn. Bankuna da yawa suna karɓar nasu komai ƙanƙantarsa, ba tare da sharaɗin adadi ba. Wasu sun ce hakan ya sanyaya musu zuciya, wasu kuma ba sa son ko ganin kwalbar, so suke nonon ya ƙafe da wuri. Duka biyun daidai ne. In kina kusa da mai irin wannan rashi, ki sanar da ita sau ɗaya cikin taushin murya cewa hanyar tana nan, daga nan ki bar ta da zaɓinta.

Idan lokacin dainawa ya yi, kada ki yanke rana ɗaya, nono zai cika ya yi ƙulli har ya kai ga zazzaɓi. Ki riƙa rage mintocin tatsa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku, sannan ki koma tatsa yau ki tsallake gobe, in ya yi nauyi ki cire ɗan abin da zai sassauta miki kawai ki ɗora tsumma mai sanyi. Ni mako biyu ya ɗauke ni. Na kira su suka zo suka kwashi kwalaben ƙarshe, na mayar musu da waɗanda ban yi amfani da su ba, littafin nan kuma na ajiye shi tare da takardar haihuwar ɗana.